Miyar da Na Rage wa Barkono

Katangar madafina ita ce bayan dakalin ƙofar gidanmu. In na zauna a kujerata ina kwasar tuwo, abin da ya raba ni da mazan unguwa bai wuce kaurin tubali ba. Shekara ashirin da ɗoriya ban taɓa ganin zamansu da idona ba, amma na san inda kowa ke shimfiɗa buzunsa. Na san gyaran muryar Liman. Na san Alhaji mai shago, wanda kakanninsa suka zo daga Kano, da ƙarar makullansa tun kafin ya yi sallama. Na san Ardo, Bafulatanin da ke dillancin shanu, da sandarsa da yake jinginawa daidai saitin kunnena. Na huɗunsu shi ne maigidana, Malam, mai sana'ar bandar kifi.

A unguwarmu ta nan Nguru, da an sallame magariba kowane magidanci zai shiga gida ya ɗauko kwanonsa. A haɗu a dakali, a buɗe kwano ɗaya, kowa ya sa hannu, in an gama da shi a jawo na gaba. Ciyayya ke nan. Mu mata ba ma fita, amma kwanonmu na fita, kuma in ya dawo, kina ɗaga murfi kin san matsayinki.

Nawa kullum a suɗe yake dawowa. Ba yabon kai ba ne, aikin barkono ne. Ni haihuwar Gashuwa ce, a gidan manoman barkono na tashi, kuma duk shekara ƙanwata sai ta sako mini buhu a mota. Miyata in ba ta sa mutum jan hanci ba, to ranar ban yi girki ba. Ina jin su ta katanga.

"Wash! Malam, wannan 'yar Gashuwa so take ta ga bayanmu," in ji Alhaji, yana hura baki.

"To cire hannunka mana, wa ya riƙe ka?" in ji Malam.

Sai Ardo ya ce, "Ku ƙyale Bakano, shi dama sai lami. Ni bawana nake taya murna. Babarbaren da ya tashi da gayan burabusko, yau Allah ya haɗa shi da miya."

"Wane ne bawan wani? Kai da ka shigo garin nan da ƙwarya ɗaya, ita ma ta aro?"

Haka suke kullum, Malam da Ardo, wasan nan na Barebari da Fulani, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. Ni kuwa ina ciki ina dariya ni kaɗai har nawa tuwon ya huce.

Ciwon a gwiwar hannu ya fara. Wani tabo ne mai duhu, samansa fari-fari, yana ɓarewa kamar ɓawon karfasa. Muka ce makero ne. Na shafa masa man kaɗanya, na dafa ganyen darbejiya ya yi wanka, na sayo sabulun salo. Tabon bai ko gezau ba, sai ma ya haifi 'yan'uwa a gwiwar ƙafa da bayan kunne da tsakiyar kai. In ya cire hula sai ki ga kamar an barbaɗa dusa a ciki. Daga nan faratansa suka yi ɗigo-ɗigo kamar an tsattsaga su da allura, suka fara ɗagowa. Sannan yatsu. Ba gaɓa ɗaya ke kumbura ba, yatsa sukutum zai cika ya yi tsaye kamar dafaffen rogo. Da safe hannun ba ya buɗuwa sai rana ta ɗaga. Mutumin da ke ɗaure kwalin kifi da igiya ya ja har sai kwalin ya yi ƙara, ya koma buta ma sai na tsiyaya masa.

Abin da ya riƙe shi a kasuwa shi ne ƙwayar ciwon jiki ta kemis. Safe biyu, yamma biyu, wata rana har da tsakar rana in motar kifi ta iso. Shekaru ya yi a haka. Ni ma ban ga laifinta ba, tunda in ya sha yana iya fita.

Da tabon ya sauko bayan hannu, sai kwanona ya fara kawo mini wani labari. Gefen Malam an ci har ƙasa. Sauran gefunan kuwa an ɗan taɓa sama-sama, an bar tudu a tsakiya kamar an gina katanga. Babu wanda ya ce komai. Mutanen kirki ne, kara ta hana su. Hira tana nan, dariya tana nan, amma ni da ke sauraro na ji hannu ya ragu a cikin kwano.

Ardo ne ya fasa. Har gobe ina da yaƙinin so ya yi ya mai da abin wasa, don kowa ya saki jiki. Ya ce, "Bawana, wannan hannun naka fa ya fara yi mana ƙarin gishiri. Ka ce wa uwargida ta rage na ciki."

Na tsaya da mara a hannu ina jiran abin da Malam zai rama da shi. Bai taɓa barin Ardo da ta ƙarshe ba. Liman ya yi gyaran murya. Alhaji ya karkaɗa makullai ya fara zancen farashin gero. Can na ji Malam yana wanke hannu, tun ba a buɗe kwano na biyu ba.

Washegari da magariba ya ɗauki kwano ya kai dakali, ya ajiye, ya ce musu cikinsa ne ba daɗi, ya dawo ɗaki. Jibi ma haka. Damina biyu aka yi a haka. Kwano na fita, mai kwano na ciki. Kuma abin da ya fi ci mini rai, kwanon ya koma dawowa a suɗe. Shi kuwa yana zaune a ɗaki, ya juya wa ƙofa baya, yana cin nasa shi kaɗai, dariyarsu tana shigowa ta taga. Ya daina miƙa hannu a masallaci, sai dai ya dafe ƙirji. Ardo ya yi sallama ya fi a ƙirga, kullum sai a ce masa ya kwanta.

Akwai kalmar da ba wanda ya faɗa a gabanmu. A gidan suna na tsince ta, daga bakin wata da ba ta san ina bayanta ba. Kuturta. Na ajiye kwanon waina na yafa mayafina na taho gida.

'Yarmu da ke aure a Dapchi ce ta zo ta kafe sai an je babban asibiti. Ni ba mai fita ba ce, in na yi wata ban leƙa titi ba ban damu ba, amma ranar na ce da ni za a. Karatuna bai yi nisa ba, sai dai abin da ya shiga kunnena ba ya fita, shi kuwa Malam in likita na magana sai ya yi ta gyaɗa kai, a fito ya tambaye ni me aka ce. Muka hau keke mu uku.

Likitan yaro ne, bai fi sa'ar 'yarmu ba. Ya kama hannun Malam da hannunsa tsirara, babu safa, ya jujjuya, ya daɗe yana kallon faratan. Ya duba kai, ya duba bayan kunne, ya matsa dunduniya. Sannan ya ce, "Baba, wannan ba kuturta ba ce. Kuma ba a ɗauka. Ko kwano ɗaya kuka ci da mutum shekara ɗari ba zai ɗauka ba."

Malam ya ce, "Ɗana, sake faɗa."

Ya sake faɗa. Malam ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Sunan ciwon, in ji likita, soriyasis, kuma na Malam irin wanda ke haɗawa da amosanin gaɓɓai ne. Wai jikin mutum ne ke juyowa yana faɗa da kansa, ya taɓa fata, ya taɓa gaɓa. Ba a raba mutum da shi, amma ana kwantar da shi. Aka ɗebi jini, aka ce mu dawo. Da muka koma ya rubuta wasu 'yan ƙwayoyi rawaya, ƙanana kamar ƙwayar dawa. Sau ɗaya tak a mako. Da wata daban da za a sha a wata ranar don ta rage wa ta farkon kaifi. Gwajin jini duk wata, don a riƙa duba hanta da ƙoda. Ƙwayar kemis kuwa a bar ta kwata-kwata.

Sai ya juyo wajena. Wannan maganar ko a kabari aka tashe ni zan maimaita ta. Ya ce, "Mama, ke ce mai girki, ke za ki riga kowa sani. In kin ga bakinsa ya yi gyambo, ko ya kasa cin yaji, ko zazzaɓi ya kama shi, kada ya sha ta wannan makon. Ku zo a ranar, ko da ranar sallah ce."

Na ce, "Na ji, likita."

Juma'a na zaɓa. Na sa ƙwayoyin a cikin wata 'yar langa a saman kwabata, ni ke ƙirgawa in zuba masa a tafin hannu in ya dawo daga masallaci. Washegarin shan sai ya wuni da tashin zuciya, ba ya son ko warin kifi. Mako huɗu, babu wani canji. Mako shida, ya ce, "Wannan abin da bai kai cin kaza ba shi ne zai yi mini magani? Yaron nan wasa yake da mu." Na ce ai ya faɗa mana sai an yi haƙuri.

A kunne na fara sanin maganin ya kama. Wata safiya ina ɗaki na ji ƙarar buta a tsakar gida, na ji ruwa na zuba a hankali, ba wanda ya kira ni. Na leƙa. Malam ne tsugune yana alwala da kansa. Na koma na zauna a bakin gado. Kafin wata na uku ya cika, ɓawon ya kakkaɓe, ya bar tabo baƙi mai santsi. Hularsa ta koma fes. Kumburin ya sace. Ɗan ƙaramin yatsansa na dama da na kusa da shi ne kawai suka ƙi miƙewa. Likita ya ce gaɓar da ciwon ya riga ya cinye ba ta dawowa, sauran ake tsarewa.

Ranar da ya koma dakali, tuwon shinkafa na yi da miyar kuɓewa ɗanya da tarwaɗa, na zuba barkono har ni kaina ina atishawa. Ya sa farar riga. Ya tsaya a zaure da kwano a hannu ya fi minti biyar, ina jin numfashinsa. Sannan ya fita.

Sallama. Amsa. Na ji ya shimfiɗa buzu a wurinsa na da. Na ji an ɗaga murfi.

Sai Ardo ya ce, a hankali, kamar mai taka ƙaya, "Liman, wannan baƙon fa? Ya yi mini kama da wani bawana da ya gudu shekara biyu."

Malam ya ce, "Gudu na yi don na gaji da ciyar da Bafulatanin da bai taɓa kawo nama a kwanonsa ba, alhali da shanu yake kwana."

Dariyar da suka yi har kajin maƙwabta sai da suka firgita. Ni kuwa na cusa fuska a mayafi na yi kuka mai isata. Kwano ya dawo kamar an wanke.

Shekara ɗaya da 'yan watanni muka samu. Ina faɗar wannan don kada wani ya ce maganin bai yi ba. Ya yi. Ya mai da mini mijina dakali, ya mai da shi kasuwa, ya mai da hannunsa cikin hannun mutane a masallaci. Abin da ya biyo baya, mu ne.

Yayana ya rasu a Gashuwa. Ciwon ƙoda. Duk wanda ya san garinmu ya san abin da wannan kalma take yi wa mutane a can, da wuya ki shiga layi ba ki samu gidan da ta taɓa ba. Shi da ƙafarsa ya je gwajin jini, daga gona ma ya wuce, daga nan sai wankin ƙoda, sai kabari. A zaman makoki abin da ake ta faɗa ke nan, lafiyarsa ƙalau har ranar da aka ɗebi jininsa. Na san ba gwajin ne ya kashe shi ba. Amma in kika ji magana ɗaya daga baki arba'in cikin kwana uku, sai ta samu wurin zama.

A mota muna dawowa, mun wuce Jajimaji, Malam ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni na gama ba su jinina."

Ban yi musu ba. Ni ma tsoron nake ji. Kullum muka je karɓar sakamako sai in yi ta addu'a a zuci har likita ya ce lafiya. Na ce a raina, mutum ya warke, me za a je a tono? Da ƙwayoyin likita suka ƙare, ya ɗauki kwalin ya nuna a wani shagon magani a cikin gari aka ba shi irinsu. Da bazara ta shigo, aiki ya yi yawa, gwiwa ta fara yi masa ciwo ranar lodi, sai na ga 'yar takardar ƙwayar kemis a aljihun rigarsa da zan yi wanki. Na mai da ita inda na gan ta.

Zafin Nguru na wannan shekarar ba a magana. Ruwan randa ma kamar an ɗora a wuta. Malam yana wuni a rumfar kifi, gumi na zuba, ruwan da yake sha bai taka kara ya karya ba.

Ta katanga na fara ji. Malam mutum ne mai cin abinci da ƙarfi, in ya kai loma sai kin ji. Wannan magaribar sai na ji yana jan iska ta haƙori, sss, sss, yana cewa a miƙo masa ruwa. Loma ɗaya, ruwa. Loma ɗaya, ruwa. Da safe na tare shi a tsakar gida inda haske yake, na ce, "Malam, buɗe bakinka in gani."

"Me za ki gani? Haƙoran da kika sani ne."

"Don Allah buɗe."

Gyambo uku, farare, a cikin leɓe da gefen harshe. Na ce, "Malam, wannan ne fa abin da yaron nan ya faɗa. Ya ce a ranar."

Ya ce, "Zafi ne. Kowa bakinsa na fashewa da bazara."

"Ya ce ko ranar sallah ce."

Sai ya zauna a kan turmi. Ya buɗe hannayensa biyu a kan gwiwa yana kallonsu, fatar nan sumul. Ya ce, "'Yar Gashuwa, in na je karɓe ƙwayar za su yi. Kin san inda zan koma in sun karɓe. Ke kika riƙa kai mini tuwo can." Ya nuna ɗakin da haɓa. "Rage mini barkono kwana biyu kawai, bakin ya huce. Kada su gane a waje."

Wallahi na san daidai, na san ba daidai ba. Maganar likita tana kunnena kamar yanzu ya faɗe ta. Amma ni na ga bayan mutumin nan damina biyu yana cin tuwo yana kallon bango. Da yamma na ɗebo barkono yadda na saba, cikin tafi, na tsaya a kan turmi. Na mai da rabi cikin buhu. Washegari na mai da rabin rabin. Kwana na huɗu tattasai kawai na jajjaga, don miyar ta yi ja, kada ido ya gane abin da harshe zai gane. Na daina tuwon dawa mai kaushi, na koma na shinkafa mai laushi, miya mai yauƙi, wadda za ta wuce ba ta taɓa ciwo ba. Duk dabarar da na koya a madafi tun ina yarinya, a nan na kashe ta.

Ranar Juma'a kuma na sauko da langa, na ƙirga, na zuba masa a tafin hannu. Da hannuna.

A dakali har an samu abin hira.

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji. "Yau shekara ashirin, na ci miyar gidan nan ban yi hawaye ba. Malam, Gashuwa ta ƙone ne?"

"Tausayinka aka ji," in ji Malam. "An ce Bakano ya kusa ƙarewa."

Liman ya yi dariya. Ardo bai yi ba. Na ji ya matso, muryarsa ta yi ƙasa. "Bawana, lafiyarka kuwa? Cin nan naka ba naka ba ne."

"Zafi ne, Ardo. Ci tuwonka."

Ni kuwa a bayan katanga, in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Dabarata ta yi. Yana zaune a cikinsu, hannunsa na cikin kwano. Abin da nake saurare ke nan, shi kaɗai.

Juma'a uku na ƙirga masa ƙwayar nan a kan gyambo. Bayan ta ukun, ran Lahadi da hantsi, zazzaɓi ya kayar da shi. Ko ruwa ya kasa haɗiyewa, dasashinsa na zubar da jini. Na fita zaure ba ko takalmi, na ƙwala wa Alhaji kira a shago, abin da ban taɓa yi ba. Shi da Ardo suka cicciɓe shi suka sa a keke.

Likitan nan dai muka samu. Aka ɗebi jinin da muka yi wata da watanni muna ɓoyewa. Da sakamako ya fito ya kira ni gefe. Ya ce ƙodar Malam ta yi rauni, ƙwayar kemis ta shekaru da zafi da ƙarancin ruwa sun gajiyar da ita. Ita ce kuma ke fitar da maganin mako daga jiki. Da ta gaza, sai maganin ya riƙa taruwa, na wannan Juma'a a kan na waccan, har ya cinye masa jini. Ya ce da ana gwaji, da tuni an gani, a rage ko a canza.

Sannan ya ce, "Mama, yaushe bakin ya fara?"

Na ce, "Mako uku."

Ya dube ni. Ya sunkuya ya rubuta. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

An yi masa ƙarin jini, an yi allurai, mun kwana goma sha wani abu a gadon asibiti. Allah ya tashe shi. Amma 'yar rawayar nan an haramta masa ita har abada. Aka ba shi wata mai sauƙi ga ƙoda, ta ɗan rage zogi, ba ta yi wa fatar komai ba. Likita ya ce akwai wata allura da ake samu a Kano, tana yi wa mutane da yawa aiki sosai. 'Yarmu da mijinta suka je suka tambayo, suka dawo ba su iya haɗa ido da mu ba. Ba ta irinmu ba ce.

Kafin kaka ɓawon ya dawo, har inda bai taɓa zuwa ba. Yatsun dama suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ba ya iya murza loma. Na naɗe wa cokali tsumma a ƙota don ya iya riƙewa. Ga kuma dokar ƙoda: ba gishiri, ba dunƙule, ba kanwa, kifi sai ɗan kaɗan. Barkono ma bakinsa bai ƙara karɓa ba. Tukunyarsa daban, kwanonsa daban. Abin da muka yi ta gudu har muka kusa kashe shi, ga shi an rubuta mana a takarda.

Ya koma ɗaki, ya juya wa ƙofa baya. Bai taɓa cewa laifina ne ba. Sau ɗaya na fara, na ce, "Malam, da na ƙi rage barkonon nan," ya ɗaga hannu ya ce, "Ni na roƙe ki." Daga nan ba mu ƙara ba.

Wata magariba, na kai kwanon waje na ajiye a zaure kamar yadda na koma yi, sai na ji sanda ta daki ƙasa a cikin zauren, ba a dakali ba.

"Salamu alaikum. A ce wa bawana ubangidansa na kira."

Malam ya yi mini alama in ce ya kwanta. Na faɗa daga bayan ƙofa.

Ardo ya ce, "Uwargida, shekara biyu aka yi mini wannan a baya na haƙura, don ni na jawo da bakina. Yau kam a nan zan zauna. Ba wannan kwanon nake so ba, nasa za ki kawo."

Na ce, "Ardo, babu gishiri fa. Babu barkono, babu komai."

"Mu da muka tashi da gayan fura a daji? Kawo. Kuma ki gaya masa in bai fito ba zan shiga kasuwa in ce Babarbare ya ji tsoron Bafulatani."

Na juyo. Malam yana zaune, kafaɗarsa na girgiza, ban san dariya ba ce ko ɗayan. Can ya miƙo hannu na tashe shi. Ya soke cokalinsa a aljihu ya fita.

Na koma madafi na kasa kunne. Zaure ya fi dakali nisa, amma na ji. Ban ji ƙarar cokali ba ko sau ɗaya. Na ji Ardo na cewa, "Kai, tuwon nan da zafi, bari in shanya shi," ya sake cewa, ya sake cewa, alhali tuwon ya daɗe da hucewa. Ban gane ba sai da kwano ya dawo. A gefen Malam an bar loma ɗaya, murzajjiya, an yi mata rami an ɗibo miya, an ajiye. Shatin yatsun da ke jikinta dogaye ne sirara. Ba na mijina ba ne.

Haka suka yi kullum. Ardo ya murza ya ajiye, wai shanya yake, Malam ya ɗauka da bayan yatsu, wai ƙwace yake, suna zagin kakannin juna. Liman da Alhaji sukan leƙo su gaisa su koma dakali. Malam bai ƙara zama a dakalin ba. Damina ɗaya da rani ɗaya suka yi a zauren nan, sannan ƙodar ta ida abin da ta fara. Ran wata Laraba da la'asar aka kai shi.

Ina cikin takaba buhun ƙanwata ya iso, kamar kowace shekara. Na sa aka jingine shi a madafi ban kwance ba. Da na fita takaba da kwana biyu, bayan magariba, na ji sanda ta jingina a katanga daidai kunnena. Ardo ya yi gyaran murya ya ce, kamar da Liman yake, "Kwano uku dai ba ya ƙosar da mutum."

Washegari na kwance bakin buhun. Na ɗebo cikin tafi, ban mai da ko ɗaya ba. Na yi tuwon shinkafa da kuɓewa da tarwaɗa, na ajiye a zaure, na dawo kujerata.

Na ji an ɗaga murfi. Na ji hannu uku. Can Alhaji ya fara hura baki.

"Wash! Wannan 'yar Gashuwa so take ta ga bayanmu."

Na riƙe numfashi ina jira. Babu wanda ya ce masa ya cire hannunsa.